Yadda Muka Yi Shari'a da Kamfanin Turawa a Kan Ƙafata

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni tsohon tela ne a nan Kontagora, kuma abin da zan ba ku labarinsa ya faru ne a ƙarshe-ƙarshen mulkin Turawa. Ba zan kama sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuwa muna gaisawa a kasuwa har gobe.

A lokacin ni saurayi ne mai jini a jika, sana'ata kora jakuna. Mahaifinmu ne ya rasu ya bar min su, nake ɗauko wa 'yan kasuwa dawa da gero daga Salka, wani lokaci in miƙa har Kasuwan Garba in kawo wake. Ban san wani abu wai shi gajiya ba. In kwana a hanya, in iso gari, in sauke kaya, da la'asar kuma a gan ni a dandali ina kokawa. Iyayenmu duka sun rasu, saboda haka a gidan yayata nake zaune, wadda muke ciki ɗaya. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tana riƙe su da sana'ar daddawa. Mace ce mai ƙarancin magana, ba ta taɓa wuce ƙauyukan da ke kewaye da mu ba, kuma ko Bature ta hango a hanya sai ta ratse ta shiga lungu.

Ranar da abin ya faru da kaka ne, da hantsi. Na taso daga Salka da taikunan dawa, na kawo wani gangare da ke sauka zuwa rafi, inda akwai ƙaramar gadar katako. Jakunana suna tafe a jere a gefen hanya kamar yadda suka saba, ni ina bayansu. Sai na ji ƙarar babbar mota daga sama, ana ta danna ham ba ƙaƙƙautawa. A lokacin motocin kamfanonin Turawa ne ke kwasar gyaɗa da kaɗanya daga ƙasarmu zuwa tashar jirgin ƙasa a Zungeru, mun kuma saba da su. Na waiwaya na ga motar tana gangarowa tana tangaɗi, buhuna sun yi tozo a kanta, direban ya leƙo da kai ta taga yana ihu da hannu ɗaya. Na yi tsalle zan kora jakin baya cikin ciyawa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na farka a asibiti, yayata na zaune a ƙasa kusa da gadon. Na ji yatsun ƙafata ta hagu suna min ƙaiƙayi, na miƙa hannu zan sosa, hannuna ya sauka a kan zanen gado. Likita ya yanke ta daga ƙasan gwiwa, don an ce ƙashin ya niƙe, ba abin da ɗori zai kama. Jakunan kuwa, waɗanda ba su mutu nan take ba an yanka su a bakin rafin saboda karaya. Na tambaya ko wa ya kawo ni, aka ce wata mota ce ta sauke ni, ba wanda ya kula da wanda ya ɗauko ni. Da aka sallame ni na koma gida da sandunan hammata, na shige ɗaki na ja tabarmar ƙofa. Abokan kokawa suka yi ta zuwa, sannu a hankali suka ɗauke ƙafa. Maganar auren da ake yi min ta mutu da kanta, ba wanda ya zo ya ce an fasa, ba kuma wanda ya sake tayar da ita. Direban nan kuwa, duk da fuskarsa kawai na gani a cikin ƙiftawar ido, na ɗora masa wata irin ƙiyayya da ban taɓa sanin zuciyata za ta iya ɗauka ba. Da na ji labarin 'yan sanda sun tsare shi sun sake shi, har ya koma bakin aiki, sai abinci ya daina shiga min.

Ana nan sai wakilin kamfanin na garinmu ya zo gaishe ni. Mutumin gari ne, mai fara'a, shi ke kula da sikelin gyaɗa a kanti. Ya zo tare da baffanmu, ƙanin mahaifinmu, wanda yake saya wa kamfanin gyaɗa a ƙauyuka, da wannan kuma yake ci da iyalinsa. Suka shigo da turmin yadi da buhun gishiri da kan sukari, da wani ɗan ƙulli a cikin hankici. Wakilin ya ce manyansa sun ji abin da ya faru, sun yi baƙin ciki, ga wannan a yi haƙuri, magana ta wuce. Baffa ya karɓe da cewa ƙaddara ba ta da magani, mu gode wa Allah da ya bar ni da rai, mu kuma gode wa mutanen da suka tuna da mu alhali ba wanda ya tilasta musu. Ni dai har na fara miƙa hannu, don a lokacin ina ganin ko allura aka ba ni an yi min alheri.

Yayata tana bakin ƙofa a durƙushe, kanta a sunkuye. Sai na ji muryarta, a hankali, tana cewa, “Baffa, a gafarce ni. Ƙaddara mun karɓa hannu biyu, daga Allah take. Amma wannan kayan na gaisuwa ne ko na ƙafa? In na gaisuwa ne mun gode. In na ƙafa ne, a mayar, ba mu san kuɗinta ba tukuna.” Wakilin ya yi murmushi ya ce ai duk ɗaya ne. Ta ce to in duk ɗaya ne a mayar. Baffa ya tashi a fusace, ya ce tun da yake bai taɓa jin talaka ya ja da Bature ya kwana lafiya ba, kuma in ta jawo aka hana shi sayen gyaɗa, ita za ta ciyar da gidansa. Aka kwashe kayan aka fita. Ni kaina na yi mata faɗa ranar, na ce ta jefar da ɗan abin da muka samu saboda taurin kai. Ta koma kan tukunyar kalwarta.

Washegari ta aro jaki a maƙwabta, ta ɗora ni, ta ja akala har kotun alƙali. Alƙalinmu na lokacin dattijo ne mai sanyin murya. Ya saurare ta har ta gama, ya sa aka ɗaga zanen da na rufe dungun da shi, ya duba. Sa'an nan ya yi mana bayanin da har yau ban manta ba. Ya ce shari'a ba ta bar gaɓa ko ɗaya a jikin ɗan Adam ba sai da ta yanka mata hakkinta, ido da kunne da haƙori har ɗan yatsa, kuma ƙafa ɗaya rabin diyyar rai ce sukutum. Ya ce wanda ya yi ɓarna ko da bisa kuskure ne sai ya biya, kuma neman diyya ba ya warware imani da ƙaddara ko kaɗan. Ni da na shigo ina ganin kaina kamar tsumman da aka yar, sai na ji ashe tun kafin a haife ni an san darajar ƙafar nan, an rubuta ta a littafi. Amma ya ƙara da cewa hannunsa bai kai ba. Motar ta Turawa ce, shi kuwa ba shi da ikon aika wa Bature sammaci. Ya ce mu tafi ofishin Di'o, Baturen mulki, ya kuma haɗa mu da muhutinsa, wato magatakardansa, ya raka mu don kada masinjoji su kore mu daga bakin ƙofa.

Mun yi ta sintiri a ofishin nan kafin mu samu shiga. Yau a ce ya fita rangadi, gobe a ce yana da baƙi. Yayata takan gama tallan daddawa ta zo ta zauna a gindin bishiyar mangwaro da ke harabar, ni ina gefenta, har masinjojin suka saba da mu suna kawo mana ruwa. Ranar da aka shigar da mu, matar nan da ke ratse wa Bature hanya ta durƙusa a gabansa ta ce ranka ya daɗe, ta zayyana komai ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Di'on yana jin Hausa. Ya ce batun 'yan sanda an rufe shi, domin bayanin da aka rubuta ya nuna jakuna ne suka watsu suka shiga gaban mota. Amma ya ce akwai wata hanya dabam: doka ta tilasta wa duk mai mota ya yi abin da ake kira inshora, wato wani kamfani ne yake ɗaukar nauyin biyan duk wanda motar ta raunata, in har kotu ta tabbatar laifin na motar ne. Sai dai wannan ƙara ce ta gaban Joji a Minna, kuma ba a shiga sai da lauya. Ranar muka fara jin kalmomin nan biyu, inshora da lauya. Yayata ta yi ta maimaita su a hanya don kada su ɓace mata.

Ta sayar da awakinta, ta kai yaran gidan wata ƙawarta, muka hau bayan motar kaya zuwa Minna. Tun ranar haɗarin ban kusanci mota ba. Da injin ya tashi sai na ƙanƙame sandunana, ita kuma da ba ta taɓa shiga mota ba a rayuwarta ta riƙe min kafaɗa tana karanto addu'a, idonta a rufe, har muka wuce Tegina. A Minna muka sauka gidan wani mutumin garinmu mai sayar da goro. Shi ya gaya mana cewa lauyoyi ba a garin suke zaune ba, suna biyo Joji ne daga manyan birane duk lokacin da zai yi zama, kuma mun yi sa'a ana cikin zaman. Muka je muka tsaya a barandar kotu muna kallon masu shiga da fita. Can sai ga wani baƙin mutum kamarmu, sanye da baƙar alkyabba da wata farar hula mai kama da gashin tunkiya, ya fito yana musu da wani Bature cikin Turanci, yana nuna shi da yatsa, Baturen kuma yana gyaɗa kai. Na saki baki. Ban taɓa zaton idona zai ga haka a duniya ba. Yayata kuwa ba ta tsaya kallo ba, ta sha gabansa ta durƙusa.

Mutumin kudu ne, Kirista, yana jin Hausar kasuwa. Ya dube ta, ya dubi sandunana, ya ce mu biyo shi masaukinsa. Ya sa aka ba mu abinci, ya yi ta yi min tambayoyi: a wane gefe jakunan suke, yaushe na fara jin ham, yaya lodin motar yake, akwai wanda ya gani ko babu. Na ce ba kowa a wurin sai ni da direba da Allah. Ya yi ta buga alƙalami a tebur. Ya gaya mana gaskiya, bai ɓoye ba, cewa shari'ar tana da wuya, domin maganata ce kawai a kan maganar direba da takardar 'yan sanda. Yayata ta tambaye shi ladansa. Ya ce in an ci, zai ɗauki rabonsa a cikin abin da kotu ta yanka, in ba a ci ba mu tafi gida, ya yi don Allah. Ya shigar da ƙara, aka ce mu dawo a zama na gaba.

Watannin jiran nan su ne mafiya ɗaci. Labari ya bazu a Kontagora cewa mai daddawa ta kai Turawa ƙara. Wasu suna dariya, wasu suna tsoron a gan su a ƙofar gidanmu. Kamfanin ya daina karɓar gyaɗar Baffa, shi kuma ya daina amsa gaisuwarmu, ko a masallaci muka haɗu sai ya kau da kai. Wakilin ya sake aikowa da ƙullin da ya fi na farko nauyi, yayata ta mayar. Na sha ganinta tana dakan kalwa hawaye na zuba a turmi, amma ko sau ɗaya ba ta ce a janye ba.

Ranar shari'a kotun ta cika. Joji Bature ne tsoho, yana zaune a can sama, tafinta na tsaye a ƙasansa. Kamfanin inshora ya ɗauko nasa lauyan, shi ma Bature. Aka kira ni na faɗi abin da na sani, lauyansu ya yi ta juya ni da tambayoyi har na rikice. Ya ce ashe ban waiwaya ba sai da na ji ham, to ta yaya na san inda jakin gaba yake? Ya ce ba gaskiya ba ne cewa jaki dabba ce mai firgita? Na ce gaskiya ne. Da na koma na zauna na san na ɓata, na ga lauyanmu yana shafa goshi. Daga nan suka kira shaidarsu, wato direban.

Wannan ne karo na farko da na gan shi sosai. Banufe ne, siriri, ba zai wuce sa'ar yayata ba, da tsohuwar rigar kaki. Ya fi yadda nake zana shi a raina ƙanƙanta. Aka tambaye shi addininsa ya ce Musulmi ne, aka sa ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani ya rantse. Lauyansu ya miƙe cikin natsuwa ya ce ya gaya wa kotu yadda jakuna suka watsu suka tare masa hanya. Tafinta ya juya masa da Hausa. Direban ya duƙar da kai. Aka sake maimaitawa. Ya ɗago kai ya dube ni, ya dubi dungun ƙafata, sa'an nan ya ce da irin Hausarsu ta Nufawa, “Jakuna ba su watsu ba. Suna gefen hanya a jere. Motata ce ba ta da birki.”

Tafintan kansa sai da ya tsaya ya dube shi kafin ya juya maganar. Lauyansu ya yi tsalle yana magana da sauri, Joji ya ɗaga masa hannu ya ce a bar shaida ya ƙarasa. Direban ya ci gaba, ba ya sauri, ba ya kuma neman kalma. Ya ce tun kafin tafiyar birkin yake shan iska, ya gaya wa manyansa a kanti, aka ce ya lallaɓa ya kai kayan don kada jirgi ya tashi ya bar su, in ya dawo a gyara. Ya ce an yi wa motar lodin da ya fi ƙarfinta yana tsaye yana kallo. Ya ce bayanin da ke hannun 'yan sanda ba daga bakinsa ya fito ba, an tsara masa ne aka ce ya amsa, ya kuma amsa saboda tsoron rasa aiki. Joji ya sa tafinta ya gargaɗe shi cewa maganar da yake yi za ta iya komawa kansa, domin wanda ya tuƙa mota ya san ba ta da birki shi ma mai laifi ne. Ya ce ya sani. Ya ce ba wanda ya ɗaura masa igiya ya zaunar da shi a kan sitiyari, da ƙafarsa ya hau.

Lauyanmu ya miƙe. Na zaci zai yi ta tambayoyi, amma guda ɗaya ya yi: bayan motar ta tsaya, me ya yi? Direban ya sunkuyar da kai kamar wanda aka tambaya abin kunya. Ya ce motar ta faɗa rafi ta kwanta, ya fito ta taga, ya same ni jini na tsartuwa. Ya kwance igiyar akumarin jaki ya ɗaure min cinya tam, ya goya ni a bayansa, ya hau gangaren nan da ni, ya yi ta tafiya har ya kai mararraba inda ya tare wata mota. Shi ya sauke ni a ƙofar asibiti, daga nan ya wuce ya kai kansa wurin 'yan sanda. Mutumin da na kwashe watanni ina roƙon Allah ya saka min a kansa, ashe a gadon bayansa na rayu. Na ji yayata a gefena tana ta faɗin Allahu Akbar a hankali.

Joji ya ɗage zama zuwa washegari, ya dawo ya yanke hukunci. Ya ɗora wa kamfanin laifi, ya umarci masu inshora su biya diyyar ƙafata da jakunana da sana'ar da na rasa. Abin da aka yanka ya ninka ƙullin wakili ninkin da ban iya lissafawa ba a lokacin. Amma a cikin hukuncin nan ya mayar da batun direba hannun 'yan sanda. Daga baya muka ji an karɓe lasinsa, an ɗaure shi na wasu watanni, kamfanin kuwa tun a ranar ya sallame shi.

Kafin a tafi da shi, muna baranda, ya roƙi ɗan sandan da ke riƙe da shi ya bar shi ya yi mana magana. Ya zo ya tsuguna a gabana ya ce, ɗan'uwa, ka yafe min. Yayata ce ta tambaye shi abin da ke raina. Ta ce bawan Allah, kana da iyali kuwa? Ya ce yana da mata da yara a wajen Bida. Ta ce to me ya sa ka yi haka, alhali da ka yi shiru ba wanda zai sani? Ya ce, “Yaya, tun ranar da na goya shi ban sauke shi ba. In na tsaya salla ina jin nauyinsa a bayana. Yau nake so in sauke.” Na kama hannunsa na ce na yafe, duniya da lahira, shi ma ya yafe min abin da bai san na yi masa ba a zuciyata. Ya yi murmushi, ɗan sanda ya taɓa kafaɗarsa, suka tafi. Yayata ta kwance bakin zanenta ta bi su da gudu da ɗan guzurinmu na hanya, ya ƙi karɓa, ya ce kada a ce an saye shi.

Kuɗin ba su fito nan da nan ba, sai da lauyan ya yi ta bibiya, kuma da suka fito ya ɗauki abin da muka yi alkawari bai ƙara ko anini ba. Na sayi keken ɗinki na hannu, tunda na ƙafa ya fi ƙarfina, na zauna wurin wani tela na koya, na shiga ajin manya na iya karatu da rubutu. Na mayar wa yayata awakinta, na gyara mata ɗaki. Baffa ya daɗe yana fushi, amma rigar da ya sa ranar auren 'yarsa ni na ɗinka ta. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na aurar da su da keken nan. Abin da ya tsaya min a rai shi ne direban. A ruɗewar ranar ban tambayi unguwarsu ba. Bayan shekaru na je Bida takanas, na bi tashar mota ina kwatanta shi, wani ya ce ya koma noma a ƙauye, wani ya ce ya tafi aikin jirgin ruwa a kogin Kwara, ba wanda ya iya kai ni inda yake. Ban sake ganinsa ba, ban kuma san yadda yaransa suka ci abinci a watannin da yake ɗaure ba.

Na tsufa yanzu, motocin da ke bin hanyarmu sun ninka na da girma da gudu, kuma kusan kullum sai na ji an kawo wani asibiti. Abin da nake gani bai sauya ba: mai mota ya aiko da ɗan abu a ƙulle, dangi su taru su ce a yi haƙuri, wanda aka raunata ya karɓa cikin kunya, bayan shekara ya koma bara. Ina kira ga duk wanda wannan ya faɗa wa, kada ya karɓi komai a matsayin rufe magana yana kwance cikin zafin ciwo. Ya tambaya, ya je wurin masana shari'a, ya nemi lauyan da zai gaya masa gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba. In daga baya ya ga dama ya yafe, wannan alheri ne, amma ya yafe yana sane da abin da ya yafe. 'Yan'uwa kuma su tsaya wa nasu, don mai ciwo ba ya iya tsaya wa kansa; da ba don mai daddawar nan ba, Allah ya jiƙanta, da buhun gishiri aka sallame ni.

Ku kuma direbobi, in mota ba ta da lafiya kada ku hau, ko wane ne ya ce ku hau. Mai kaya yana gida a zaune lokacin da za ku gangara. In kuma tsautsayi ya riga ya faru, kada ku gudu ku bar mutum a kwance, kada kuma ku yarda a tsara muku abin da za ku faɗa. Na ga Joji, na ga lauyoyi, na ga ranar da Bature ya biya talaka a gaban jama'a, duk sun ba ni mamaki. Amma a tsawon raina ban ga abin da ya kai siririn mutumin nan girma ba, yana tsaye shi kaɗai, ya san abin da zai biyo baya, ya buɗe baki ya faɗa. In yana raye, Allah ya sa wani ya karanta masa wannan. In ya rasu, ina roƙon duk wanda ya kai ƙarshen labarin nan ya yi masa addu'a, ko da bai san sunansa ba. Wanda ake roƙo ya san shi.